LAFIYA DA JIN DAƊI BA KISHIYOYI BA NE

Lafiya uwar jiki, in ji masu iya magana, babu mai fushi da ita. Duk da haka, a kowane gari na ƙasar nan, tun daga Sakkwato har Fatakwal, akan sami mutumin da likita ya gargaɗe shi cewa jininsa ya hau, ko kuwa sukari ya yi masa yawa, ya fito asibiti da ƙudurin sake hali. Sai ya sayi takalmin gudu, ya hana a sa masa gishiri a miya, ya yi sallama da lemon kwalba. Makon farko ya tashi tun da asuba. Mako na biyu ya soma jinkiri. Kafin wata ya mutu, takalmi ya koma ƙarƙashin gado, gishiri ya koma tukunya. Mutumin nan kuwa ba jahili ba ne, ya san haɗarin da ke gabansa, kuma yana son ransa. To, me ya karya masa gwiwa?

Galibi akan ce ragwanci ne, ko rashin haƙuri. Amma binciken masana halayyar ɗan Adam ya tono wani dalili wanda ba safai ake lura da shi ba, watau irin zaton da mutum ya riƙe a zuciyarsa tun kafin ya fara. Wanda ya ɗauka motsa jiki azaba ce, abinci mai amfani kuma magani ne mai ɗaci, da wuya ya ɗore a kansu. Wanda kuwa ya nemi daɗin da ke cikinsu har ya same shi, ba ya bukatar mai tuni.

HALIN DA AKE CIKI

A zamanin kakanni, zaman duniya da kansa yakan motsa jikin mutum. Maza na noma da sassabe da tafiyar fatauci a ƙasa, mata na daka da surfe da ɗebo ruwa a rafi. Yau kuwa, musamman a birane, injin niƙa ya karɓi aikin turmi, babur da mota sun karɓi aikin ƙafa, ma'aikacin ofis da mai tsaron kanti sukan wuni a zaune, da dare kuma a koma gaban talabijin ko a duƙufa kan wayar hannu. Abinci ma ya sake kama: soye-soye da kayan zaƙi da na gwangwani sun yawaita. In kiɗa ya sauya, tilas rawa ta sauya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya, watau kimanin mutum miliyan dubu ɗaya da ɗari takwas, ba su motsa jikinsu gwargwadon bukata. Rashin motsa jiki da cin abinci barkatai suna cikin manyan abubuwan da ke jawo hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini kuwa ɓarawo ne mai sanɗa, domin rahoton Hukumar na 2023 ya nuna kusan rabin masu fama da shi ba su ma san suna da shi ba. Sa'ad da irin wannan ciwo ya kwantar da mai gida ko uwar gida, ba shi kaɗai ya kwanta ba. Kuɗin makarantar yara da jarin kasuwa duk sukan bi shi asibiti.

Abin da Hukumar ta shawarta ba wani abu ne mai wuya ba. Babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri. Minti 30 a kwana biyar ya cika mafi ƙarancin adadin. Yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu kimanin minti 60 kowace rana. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, watau ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ganyaye da 'ya'yan itatuwa kuma a ci aƙalla giram 400. Mutane da yawa sun sha jin wannan a rediyo da asibiti. Sani ba shi ne ya yi ƙaranci ba, ɗorewa ce.

ZATON DA KE HANA RUWA GUDU

A shekarar 2006 wasu masana a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Rajagopal Raghunathan, suka nuna cewa mutane da yawa a can suna ɗauke da wani zato a ɓoye, wai duk abincin da ba shi da kyau ga lafiya ya fi daɗi. Idan aka ba su abinci iri ɗaya, aka ce wa wasu mai lahani ne, wasu kuma aka ce musu mai amfani ne, sai na farko su fi yaba ɗanɗanonsa. Amma da aka yi irin wannan gwaji a Faransa, aka buga sakamakonsa a 2013, sai aka tarar akasin haka: Faransawa sun fi danganta abinci mai amfani da daɗi. Wannan ya nuna ba a haifi kowa da wannan zato ba. Koyonsa ake yi a gida da kasuwa da tallace-tallace, abin da aka koya kuwa ana iya sake shi.

A ƙasar nan ma akwai irin nasa. Akan ɗauki ƙiba da tumbi alamar hutu da wadata, har in mutum ya rage jiki a riƙa tambayarsa ko lafiya. Akan ɗauki tafiyar ƙasa alamar rashi, har mai mota ya ji kunyar a gan shi yana takawa zuwa bakin titi. Baƙo mai daraja akan tarye shi da lemon kwalba, zoɓo da kunun aya kuwa sai a bar wa na gida. Zogale da rama da tafasa, wasu na kallonsu abincin talaka ko na lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Hatta a asibiti akan ji ana cewa an ɗora wa wane doka, an hana shi kaza da kaza, kamar wanda alƙali ya yanke wa hukunci. Mutumin da ya shiga kiwon lafiyarsa da irin wannan tunani, ya shiga ne kamar fursuna, kuma babu fursunan da ba ya ƙirga ranar fita.

ABIN DA AKA GANO GAME DA ABINCI

A 2017 aka buga sakamakon wani gwaji da Bradley Turnwald da Alia Crum da abokiyar aikinsu suka yi a ɗakin cin abinci na Jami'ar Stanford. Har kwana 46 ana dafa kayan lambu yadda aka saba, ba a sake kome a girkin ba, sai sunan da ake rubutawa a gaban kwanon. Wata rana a rubuta sunan abin kawai. Wata rana a yabi amfaninsa ga jiki. Wata rana a ambaci abin da aka rage a cikinsa, kamar mai ko gishiri. Wata rana kuma a siffanta shi da kalmomin da ke sa yawu ya tsinke. A ranakun da aka yabi daɗinsa, masu ɗibarsa sun fi na ranakun suna kawai da kashi 25 cikin 100, sun kuma fi na ranakun da aka ambaci ragi da kashi 41 cikin 100. Da aka maimaita gwajin a jami'o'i biyar, aka buga a 2019, sakamakon bai sauya hanya ba. Duk mai tallar abinci a tasha ya san wannan sirri: ba ya kiran amfani, daɗi yake kira.

Zato ba a harshe kaɗai yake tsayawa ba, har ciki yakan kai. A wani gwaji na Jami'ar Yale da aka buga a 2011, an ba mutum 46 damammiyar madara mai sanyi sau biyu, mako guda tsakani. Madarar iri ɗaya ce, mai kalori 380, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Sau ɗaya aka manna mata takardar da ke cewa ta 'yan gata ce mai kalori 620, sau ɗaya kuma aka ce ta masu tsimi ce mai kalori 140. Aka auna wani sinadari a jininsu mai suna girelin, wanda ciki ke fitarwa don sanar da ƙwaƙwalwa cewa ana jin yunwa, yakan kuma sauka in an ƙoshi. Ran da suka zaci ta 'yan gata suka sha, sinadarin ya sauka ƙwarai. Ran da suka zaci ta tsimi ce, da ƙyar ya motsa. Ma'ana, wanda ya ci abinci yana ganin an tauye shi, cikinsa ma yakan tashi da ƙorafi, ba da jimawa ba kuma ya koma neman abin taɓawa.

Yara ma haka suke. Michal Maimaran da Ayelet Fishbach sun nuna a 2014 cewa ƙananan yaran da aka gaya musu wani abinci zai sa su yi ƙarfi, ko zai taimake su iya karatu, sun ci ƙasa da waɗanda aka ce musu yana da daɗi, ko waɗanda ba a ce musu kome ba. Yaro ya riga ya koya cewa abin da ake lallashinsa ya sha don ya warke ɗaci gare shi, saboda haka da ya ji an soma wa'azi a kan kwano sai ya ja baya.

ABIN DA AKA GANO GAME DA MOTSA JIKI

Masana a Jami'ar British Columbia ta ƙasar Kanada sun buga wani bincike a 2011, inda suka tambayi mutane kafin su fara motsa jiki yawan daɗin da suke tsammanin ji, sa'an nan suka sake tambayarsu bayan sun gama. Sai aka tarar daɗin da suka ji ya fi wanda suka zata. Dalili kuwa shi ne, in mutum ya tuna motsa jiki, farkonsa yake hangowa: barin shimfiɗa, nauyin gaɓoɓi, hakin mintocin farko. Yakan manta da sakewar jiki da ke zuwa a tsakiya, da wartsakewar da ke biyo baya. Ƙofar ce mai ƙunci, ɗakin yana da faɗi.

Kaitlin Woolley da Ayelet Fishbach na Jami'ar Shikago sun bi wannan batu a 2016 da 2017. A wani gidan motsa jiki suka ce wa wasu su zaɓi atisayen da ya fi musu daɗi, wasu kuma su zaɓi wanda suke ganin ya fi amfani. Masu zaɓen daɗi suka fi yin aiki mai yawa. Suka kuma bibiyi mutanen da suka ɗauki alkawarin gyara halinsu a farkon shekara, suka ga cewa muhimmancin alkawari a idon mai shi bai nuna ko zai cika shi ba. Abin da ya nuna shi ne ko yana jin daɗin aikin. Muhimmanci ke sa a fara, daɗi ke sa a ci gaba.

Akwai kuma maganar tsanani. An daɗe da tabbatar da cewa yawancin mutane suna jin daɗin motsa jiki muddin bai kai inda numfashi ke sarƙewa ba, da an wuce nan kuwa daɗin sai ya zube. Sabon shiga da ya fara da gudun fanfalaƙi, ya kwana uku cinyoyinsa na ciwo, ya koya wa zuciyarsa ƙin abin ke nan. Ma'auni mai sauƙi shi ne, mutum ya yi saurin da zai iya magana da abokin tafiyarsa, amma ba zai iya rera waƙa ba.

Wata dabara ita ce haɗa aikin da wani abin marmari. A Jami'ar Pennsylvania, Katherine Milkman da abokan aikinta sun ba wasu mutane labarai masu jan hankali na saurare, da sharaɗin ba za su ji su ba sai a gidan motsa jiki. A makonnin farko zuwansu ya fi na sauran da kashi 51 cikin 100, ko da yake bambancin ya dusashe bayan wani hutu ya katse su. Darasi biyu ke nan: marmari na jan mutum, kuma bayan tafiya ko biki ko jinya sai an sake ɗaura niyya.

Har ila yau, yadda mutum ke kallon aikinsa na yau da kullum yana da tasiri. A 2007 Alia Crum da Ellen Langer na Jami'ar Harvard suka buga gwajin da suka yi da mata 84 masu gyaran ɗakuna a otal bakwai. Aka bayyana wa wasunsu cewa shara da goge-goge da gyaran gado da suke yi motsa jiki ne sosai. Bayan mako huɗu, waɗanda aka gaya wa sun rage nauyi kaɗan, jininsu kuma ya ɗan sauka. Gwaji ne ƙarami, ba ya kuma nufin tunani zai maye gurbin aiki. Amma ya isa ya tunatar da manomi da mai turin baro da matar da ke daka cewa guminsu ba wahala ce zalla ba, akwai rabon jiki a ciki.

DALILIN DA YA SA HAKA

Sakamakon kiwon lafiya yana nesa, kuma ba a ganinsa da ido. Wanda ya tsira daga shanyewar jiki ba zai taɓa sanin ranar da ya tsira ba. Daɗin tsire da lemo mai sanyi kuwa yanzu-yanzu ne. Zuciyar ɗan Adam takan fifita abin hannu a kan na alkawari, shi ya sa tsoron ciwo kaɗai ba ya riƙe mutum; tsoro na da zafi ran da aka fito asibiti, amma kullum sai ya ƙara hucewa. Dole ƙanwar na ƙi ce. Hikima ita ce a sa wa aikin nasa ladan na nan take, ta yadda mutum zai karɓi hakkinsa yau, lafiyar gobe kuma ta zo masa kamar gyara a kan ciniki.

BA KOWANE ZAƘI NE ABIN BI BA

Kada a fahimci wannan bayani a karkace. Ba cewa aka yi duk abin da rai ya so a ba shi ba, gama son zuciya ɓacin zuciya. Gwangwani ɗaya na lemon zaƙi na iya ɗauke da sukari har giram 40, kimanin ƙananan cokula 10, alhali iyakar da aka shawarta wa babban mutum a yini duka ba ta wuce kimanin giram 50 ba. Abin nufi shi ne, a cikin abubuwa masu amfani, waɗanda suke da yawa, mutum ya zaɓi wanda ransa ke so, ya kuma kyautata shi.

Harshe kuwa ɗalibi ne. Wanda ya rage gishiri kaɗan-kaɗan, cikin wata biyu ko uku miyarsa ta dā sai ta yi masa yawan gishiri. Yaron da ya ƙi wani ganye yau, in ana sa masa kaɗan ba da faɗa ba, sau da yawa yakan karɓe shi bayan ɗanɗanawa goma ko fiye. Wani bincike da aka yi a Landan, aka buga a 2010, ya nuna sabon hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu ƙasa da haka, wasu fiye ƙwarai, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙasar nan ba ta rasa kayan daɗi masu amfani ba. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da ɗan lemon tsami misali ne mai kyau: ɗan man da ke cikin ƙuli-ƙuli na taimakon jiki ya ɗebi sinadarin da ke zama bitamin A, tumatir da lemon tsami kuma na taimakonsa ya ɗebi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Abin da ya ƙara masa daɗi shi ne ya ƙara masa amfani. Ga dambu da faten acca, ga alalar wake, ga miyar kuka da kuɓewa da lalo da ugu da shuwaka, ga gwanda da gwaiba da yalo da goruba. Haka kuma fannin wasanni: langa da kokawa da gaɗa da ƙwallon ƙafa da raye-rayen gargajiya na kowace ƙabila, ba wanda ya taɓa yinsu bisa umarnin likita, amma sun gina jikin al'umma. Dubban masu fitowa tseren dogon zango na birnin Legas, wanda aka fara a 2016, mafi yawansu ba kyauta suke hange ba, nishaɗin taro ne ya fito da su.

SHAWARWARI GA JAMA'A

1. Mai son fara motsa jiki ya tambayi kansa wane iri ne zai yi marmarin komawa gare shi gobe, ya fara da shi, ko da minti 10 ne.

2. Ya nemi abokin yi. Hirar da za a yi a zaune a dandali ana iya yinta a tafe, mata kuma na iya haɗuwa a tsakar gida ko harabar makaranta.

3. Ya ajiye wani shirin rediyo ko karatu da yake so, ya riƙa saurarensa lokacin tafiya, amma ya kula da ababen hawa.

4. Ya zaɓi sanyin safiya ko na yamma, ya sha ruwa, ya dakata tun yana da sauran sha'awa.

5. Mai girki ta rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano sannu a hankali, ta cike gurbinsu da daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Ganye ya samu irin kulawar da ake ba nama.

6. Kada a ware wa mai hawan jini ko ciwon sukari ɗan kwano lami a gefe kamar wanda ya yi laifi. A gyara tukunyar gida duka, kowa ya amfana.

7. Iyaye su ci ganye da 'ya'yan itatuwa a gaban yara suna yabawa, kada su mai da alewa lada, ganye kuma sharaɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

8. Malaman makaranta su guji horon yara da tsallen kwaɗo ko zagaye fili, domin yaron da aka hora da motsa jiki zai girma yana ganinsa horo.

9. Ma'aikatan lafiya, in sun faɗa wa majinyaci abin da zai bari, su faɗa masa abin da zai ci ya ji daɗi a madadinsa.

10. Masu ciwon zuciya ko hawan jini ko ciwon sukari, da mata masu juna biyu, da tsofaffi, su nemi shawarar asibiti kafin su fara atisaye mai ƙarfi. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya nan take ya nemi likita. Kada kuma kowa ya bar maganin da aka rubuta masa don ya gyara cimarsa.

KAMMALAWA

Ƙarfin ƙasa yana ga lafiyar mutanenta, lafiyar mutum kuwa ba a gina ta da ƙudurin mako guda, sai da abin da yake yi kullum har ƙarshen ransa. Babu mai iya jure abin da ya ƙi tsawon rai, amma abin da ake so ba a gajiya da shi. Saboda haka kowane gida ya duba tukunyarsa da yininsa, ya nemo mai amfanin da ke da daɗi, ya riƙe shi. Rigakafi ya fi magani, rigakafin da ake marmari kuwa shi ne wanda ba a fasawa.